Zariya, Birnin Ilimi: Abin da Baƙo Zai Tarar Daga Kufena Zuwa Samaru

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Idan kuwa haka ne, to akwai garuruwan da zuwa cikinsu ya fi na sauran buɗe ido, kuma a ƙasar Hausa Zariya tana sahun gaba. Da wuya a sami malamin Hausa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, wanda bai taɓa riƙa littafin da ke ɗauke da sunan wannan gari a bangonsa ba. Da yawa sun san sunan tun suna ƴan lakwal, amma kaɗan ne ƙafarsu ta taka ƙasar.

Zariya tana cikin jahar Kaduna ta Nijeriya, kimanin kilomita 80 arewa da garin Kaduna, kimanin 150 kuma kudu maso yamma da Kano. Nan ne mazaunin Sarkin Zazzau, nan ne kuma mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ya fito daga ƙasar da damina ke yin wata uku, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne duhun itatuwa, domin ruwan da ke sauka a nan cikin shekara ya kan kai milimita 1,000, watau kusan ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu.

Sunan Zariya ɗaya ne, amma garuruwa huɗu ne ke amsa shi: Birni, da Tudun Wada, da Sabon Gari, da Samaru. Kowanensu ɗan zamaninsa ne. Matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa, da Jibiya, da Katsina, da Funtuwa, ta arewa maso yamma zai shigo. Samaru zai fara tararwa, ƙaramar cikinsu a shekaru, sa'an nan Sabon Gari, sa'an nan Tudun Wada, can a ƙarshe ya isa ƙofar Birni. Mutumin Damagaram da ya biyo ta Daura da Kano, Sabon Gari ce za ta tarbe shi. Baƙi da yawa su kan sauka a Samaru, su gama abin da ya kawo su jami'a, su juya gida ba su leƙa cikin ganuwa ba. Wanda ya yi haka ya ga reshe ne, bai ga tushe ba. Mai son ya fahimci yadda wannan gari ya zama birnin ilimi, kamata ya yi ya fara daga gindin duwatsu.

Kufena da Turunku

Yamma da Birni, kusa da Wusasa, akwai wani ƙaton dutse da ake hange daga nesa, shi ne Kufena. Akwai kuma Madarkaci a cikin Birni, da Turunku can kudu, ta wajen Kaduna. A gindin irin waɗannan duwatsu ne mutanen farko suka zauna, saboda ruwa ba ya yankewa, ƙasa tana da albarka, kuma idan mahara suka zo akwai wurin fakewa. Ban da haka, mutanen da sun ɗauka cewa iskoki ne ke zaune a kan duwatsun, don haka wuraren suka zama na tsafi da na sarauta gaba ɗaya, kamar yadda Dala ta zama ga Kano. Masu binciken tarihin da ke binne cikin ƙasa sun haƙo matoyar tama a yammacin Samaru, wadda ta nuna cewa an fi shekara 1,000 ana narka ƙarfe a wannan yanki.

A labarin Bayajida, Zazzau ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma Gunguma ne aka ce ya fara sarautarta. Da aka raba wa ƴaƴan Bawo ayyuka, Gobir ta sami yaƙi, Katsina da Daura suka sami kasuwa, Kano da Rano suka sami baba, Zazzau kuwa aka ce da mai ita Sarkin Bayi. Wannan laƙabi ba abin alfahari ba ne, amma yana faɗin gaskiyar tarihi: Zazzau ita ce ƙofar kudu ta ƙasar Hausa, kuma ƙarni bayan ƙarni dukiyarta ta dogara ga hare-haren da ake kai wa ƙananan ƙabilun kudu, da rumadan bayi masu noma.

Ana danganta dawowar sarauta daga Turunku zuwa wajen Kufena ga zamanin Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536. Labarin baka ya ce Bakwa na da ƴaƴa mata biyu, Amina da Zariya, kuma sunan ƙaramar ne ya bi birnin. Amina kuwa ta zama mace mafi suna a tarihin Hausa. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, ta yi shekara 34 tana cin ƙasashe da yaƙi, garuruwa suna kai mata gaisuwa, kuma Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri. Masana sun saɓa game da zamaninta, domin Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, wasu kuma suka kai ta ƙarni na 16. Abin da ya tabbata shi ne har yau a wurare da yawa na ƙasar Hausa, idan aka ga kufan tsohon garu, ganuwar Amina ake ce da shi.

Cikin ganuwa

Ganuwar Zariya ta kai tsawon kilomita 14 zuwa 16 a kewaye. Ruwan sama, da masu ɗibar ƙasar gini, da masu neman fili sun cinye mafi yawanta, amma akwai inda take tsaye har yanzu kamar tudu, kuma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin kowa: Ƙofar Doka, wadda ita ce mashigar mai zuwa daga Tudun Wada, da Ƙofar Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Bai, da Galadima, da Jatau, da Kibo, da Tukur-Tukur. Birnin ya shahara da itatuwan rimi, har unguwanni suka ɗauki sunayensu, kamar Rimin Tsiwa, da Rimin Doko, da Rimin Danza.

Musulunci ya shiga fadar Zazzau tun wajen ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rabbo. Daga nan malamai suka yi ta zuwa, wasu daga Barno, wasu daga yamma, suka kafa unguwanninsu, waɗanda Kona da Juma suka fi suna a ciki. Zariya ta yi fice a nahawu da lugga, har ya zama almajirin da ya yi fiƙihu a wani gari ya kan zo nan ya gyara Larabcinsa. Wannan karatu na zaure bai mutu ba. Baƙon da ya ratsa lungunan Birni bayan sallar asuba zai iske manyan mutane zaune bisa buzu, kowa da littafinsa, malami yana karantawa da Larabci yana fassarawa da Hausa. Kafin a aza tubalin farko a Samaru, an yi ƙarnuka ana yin haka.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso Zazzau wajen 1808, lokacin da Malam Musa, mai riƙe da tutar Shehu, ya ci birnin. Sarkin Haɓe na ƙarshe, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa zuwa Zuba, kuma a 1828 ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja. Mutanen Maraɗi da Tsibiri ba baƙin wannan labari ba ne, gama abin da ya sami sarakunan Katsina da na Gobir ke nan: aka fitar da su daga birni, suka tafi da tambura da sarautu, suka sake kafa fada a wani wuri. Kamar yadda mai Maraɗi yake amsa sunan Sarkin Katsina, haka mai wancan gari yake amsa sunan Sarkin Zazzau. Bayan da Nijeriya ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja.

A cikin Zariya kuwa sarauta ta riƙa kewayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa. Sarki Shehu Idris, na gidan Katsinawa, ya yi shekara 45 bisa gado, daga 1975 har rasuwarsa a watan Satumba na 2020. Wanda ya gaje shi, Ahmad Nuhu Bamalli, ɗan gidan Mallawa ne, gidan da rabonsa da sarauta tun 1920.

Fada da masallacin Babban Gwani

Tsakiyar Birni akwai dandalin ƙofar fada. Ƙofar da kanta abin kallo ce, saboda zanen dagi da sauran zane-zane masu launi da suka rufe fuskarta. A nan ake hawan salla, kuma mai son ganin Zazzau cikin adonta sai ya daidaita zuwansa da ƙaramar salla ko babba, lokacin da hakimai ke shigowa da dawakai, da ƴan lifida, da ƴan bindiga, da masu kakaki da algaita. Rigunan da mahayan ke sawa galibi aikin Birni ne, domin Zage-zagi sun daɗe da suna wajen ɗinkin hannu, irin su aska biyu da aska takwas, kuma har yanzu a zaurukan gidaje ana ganin maɗinka sun duƙufa a kan wuyan riga.

Daura da fada masallacin Juma'a yake. An gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Da tubali, da azara, da makuba ya yi aikinsa. Ya tayar da ginshiƙai masu kauri, ya fitar da bakan gizo daga jikinsu, ya haɗa su a sama da ɗaurin guga, ya ɗora tulluwa, sa'an nan ya ƙawata ginshiƙan da zane mai zurfi. Masana gine-gine na duniya sun sa wannan masallaci cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi da ƙasa a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, tsohon ya koma ciki.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu. Masarauta ta buɗe asusun sake gini, masu hali suka ba da gudummawa. Amma kuɗi ba su mayar da rai, ba su kuma mayar da hannun Babban Gwani. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, yana son a duba indararo kafin damina, yana son maginan da suka gaji sana'ar. Idan waɗannan suka yanke, siminti ba ya tsare shi, wani lokaci ma ɓoye ɓarnar ruwa yake yi har ta yi nisa. Ƙasar da ke da hasumiyar Agadas, da gidajen Birnin Damagaram, da masallacin Yama na jahar Tawa wanda Falke Barmu ya gina har ya sami lambar Aga Khan a 1986, ta san abin da ake nufi da gemun ɗan'uwa ya kama wuta.

Zuwan Turawa: Sabon Gari, Tudun Wada da Wusasa

Sojojin Ingilishi sun sauka Zariya a 1902. Ba a daɗe ba suka tuɓe Sarki Kwasau suka kai shi Lakwaja, a 1903 suka naɗa Aliyu ɗan Sidi. Wannan sarki malami ne, kuma yana cikin manyan mawallafan waƙar Hausa ta ajami. Shi ma a 1920 Turawan suka tuɓe shi suka bi da shi hanyar Lakwaja.

Abin da ya fi sauya fuskar gari shi ne jirgin ƙasa. Hanyar da ta isa Kano a 1911 ta Zariya ta ratsa, daga baya aka fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza, da wani zuwa Ƙauran Namoda saboda gyaɗa da auduga. Zariya ta zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe, da akawuna, da ƴan kasuwa daga kudancin Nijeriya suka cika wajen tasha, Turawa suka yanka masu Sabon Gari, nesa da ganuwa, don kada su cuɗanya da mutanen Birni. Baƙin da suka zo daga sauran ƙasashen Arewa kuma aka zaunar da su Tudun Wada, tsakanin ganuwa da rafin Kubanni. Wannan rarrabawa da gangan aka yi ta, kuma har yau sawunta bai ɓace ba: kasuwar Sabon Gari ta kowa da kowa ce, ana jin Yarabanci da Ibo da Ingilishi a cikinta, alhali Birni yana nan da zaurukansa.

A gindin Kufena akwai Wusasa. Likita Walta Mila, ɗan mishan na Ingila, ya zauna cikin Birni tun 1905, ya buɗe ƴar makaranta da ɗakin magani. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda magina Hausawa suka gina majami'ar Bartalamawus da tubali da azara, bisa tsarin ginin gargajiya. Mila yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. Daga wannan ƙaramin gari aka sami likitan boko na farko a Arewacin Nijeriya, Dokta R. A. B. Dikko, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Kwalejin Barewa ita ma tana cikin abin da baƙo zai nema. A Katsina aka kafa ta a 1921 don horar da malamai, ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949. Idan aka haɗa da zamanin Katsina da na Kaduna, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ahmadu Bello, da Shehu Shagari, da Gowon, da Murtala Muhammad duk ta hannunta suka bi.

Gidan Gaskiya

Ga malamin Hausa, babu wurin da ya kai Gidan Gaskiya na Tudun Wada daraja, domin a Zariya ne adabin Hausa na boko ya tsaya da ƙafafunsa. A farkon shekarun 1930 akwai ofishin fassara a garin, wanda daga baya ya zama Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Baturen nan Rupert East. A 1933 East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa East ne ya rubuta shi tare da John Tafida, mutumin Wusasa. Bayan haka aka kira Imam zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ, da ɗ, da ƙ, a madadin ɗigo da waƙafi da ake amfani da su a da.

A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da maɗaba'arsa. Tsakanin 1954 da 1959 hukumar NORLA ta buga ɗimbin ƙananan littattafai da jaridun larduna saboda yaƙi da jahilci, a 1966 kuma kamfanin NNPC ya karɓi aikin. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon mawaƙin da ya yi rayuwarsa a Zariya, ta wannan hanya suka isa hannun masu karatun boko, har da na ƙetaren iyaka.

Akwai wani abin mamaki da malaman harshe za su lura da shi. Hausar da aka riƙa bugawa a Zariya ba Zazzaganci ba ce. Kananci aka ɗauka aka yi ma'auni da shi. Bazazzagi a maganarsa ta yau da kullum ba ya cika rarrabe jinsi, sai a ji ya ce "riga na" inda littafi zai ce "rigata". Ke nan garin da ya haifi daidaitacciyar Hausa bai tilasta wa kowa karin harshensa ba. Ƙa'idojin da aka fara a nan su ne masanan Nijar da na Nijeriya suka zauna a kansu a Yamai a 1980 don haɗa kan rubutun ƙasashen biyu, ko da yake har yanzu Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Samaru

Tsakanin Birni da Samaru akwai tafiyar kimanin kilomita 15. Gonar gwaji ce asalin wurin, wadda Turawa suka buɗe a 1922 don binciken auduga da sauran amfanin gona. A farkon shekarun 1950 aka kafa kwalejin fasaha da kimiyya a kusa da ita, inda a 1958 wasu ɗalibai masu koyon zane, cikinsu har da Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turai ba, za su koma ga zanen kakanninsu. Daga wannan ƙungiya zanen zamani na Nijeriya ya ɗauki hanya.

Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, bisa himmar Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, wanda ya ga cewa yankinsa ba shi da likitoci, da injiniyoyi, da alƙalai, da malaman da za su riƙe shi bayan tafiyar Turawa. An haɗa kwalejin Samaru, da cibiyar binciken noma, da makarantar koyon mulki ta Kongo, da gonar dabbobi ta Shika, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka yi jami'a ɗaya. Ta fara da ɗalibai 426. Shugabanta na farko Norman Alexander ne, mutumin Niyuzilan. A 1966 Ishaya Audu, wanda ya yi karatunsa na farko a Wusasa, ya gaje shi. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe ta, a 1977 kuma reshen Kano ya zama jami'a mai cin gashin kanta.

Mai shiga ta babbar ƙofa zai hangi dogon benen majalisar jami'a, wanda ya zama alamarta. Akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da tafkin Kubanni da ke shayar da jami'ar, da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da aka sa wa sunan Amina. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, ɗakuna kewayayyu sun zagaye fili kamar gidan Bahaushe. Cibiyar binciken noma ita ke fitar da irin shukar da sunansu ke farawa da SAM, na dawa, da gyaɗa, da wake, da masara, da auduga. A Shika akwai asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi, inda aka fitar da kajin ƙwai da ake kira Shika Brown. Tsangayar shari'a da ta mulki suna Kongo, kusa da Tudun Wada.

Sashen tarihi na wannan jami'a ya yi tasiri har Nijar. Abdullahi Smith, wanda ya kafa shi, ya nuna cewa ba za a fahimci kafuwar daulolin Hausa daga labarin baƙon jarumi kaɗai ba. A duba duwatsu, da ƙarfe, da kasuwa, da ƙaura, yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni. Almajirinsa Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, littafin da mai binciken tarihin Maraɗi ba ya iya tsallakewa. Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa cikin Afirka ta Yamma a littafinsa na 1978. Sashen ya tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malaman zaure. A fannin harshe kuma Ɗalhatu Muhammad ya yi aiki wajen samar da kalmomin nazarin waƙa da adabi da Hausa, waɗanda malamai ke amfani da su a aji. A 1988 jami'ar ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, abin da ya nuna cewa kalangu ma yana da wuri a gidan ilimi.

Samaru ta sha nata baƙin ciki. A watan Afrilu na 1978 da watan Mayu na 1986 jami'an tsaro sun buɗe wuta a kan ɗalibai, aka rasa rayuka. Waɗanda suka san ranar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai ba su buƙatar a yi masu bayanin irin wannan rana.

Kammalawa

Tun da aka ɗaga cibiyoyin Maraɗi, da Tawa, da Damagaram zuwa matsayin jami'o'i a 2010, garuruwan nan uku suka shiga hanyar da Zariya ta riga su bi da kusan rabin ƙarni. A yau suna ɗauke da sunayen Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da Jibo Hamani, da André Salifou. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Saboda haka tarihin Zariya ya wuce labarin maƙwabta.

Abu na farko da tarihin ke nunawa shi ne cewa doka kaɗai ba ta raya harshe. Hausar boko ta kafu ne saboda an sami maɗaba'a, da gasa, da jarida mai arha, da editocin da suka zauna shekara da shekaru suna gyaran rubutu, da makarantun da ke sayen littattafan. Na biyu, kilomita 15 da ke tsakanin Samaru da Birni sun fi tsawo a zukata bisa ga yadda suke a ƙasa: can ana karatu da Ingilishi, nan ana yi da Larabci da Hausa, kuma duk abin kirkin da jami'ar ta yi a fannin tarihi da adabi ta yi shi ne lokacin da malamanta suka tuɓe takalma suka shiga zaure. Na uku shi ne abin da ya faru a masallacin Babban Gwani.

Ƙungiyoyin al'adu da malaman makarantu na iya fara nasu aikin ba tare da jiran kowa ba: a rubuta sunayen tsofaffin unguwanni da ƙofofi daga bakin dattawa, a ɗauki hoton takardun ajami da ke cikin gafakar malamai kafin gara ta rigaya, a kai ɗalibai wurin maginan ƙasa da suka rage su ga yadda ake ɗaurin guga. Ƙungiyar da ta sami halin shirya tafiya Zariya kuwa, ta nemi labarin hanya kafin ta tashi, gama matsalar tsaro ta sa matafiya da yawa sun fi bin ta Kano. Ta ware aƙalla kwana uku: ɗaya na Kufena da Wusasa, ɗaya na Birni da Tudun Wada, ɗaya na Samaru. A fada a nemi iso, a zauren malami a yi sallama a jira izini, kamar yadda ake yi a Birnin Damagaram.